Na-Iya Ya Sayi Injin Walda

An yi wani tela wanda har maƙwabtansa suka manta sunansa na yanka, kowa Na-Iya yake ce masa. Shi ya jawo wa kansa sunan. In mota ta mutu a bakin shagonsa, kafin direba ya ɗaga murfin inji sai ya ji an ce daga bayansa, "Matsa, na iya." In agogon wani ya tsaya, na iya. In famfo ya toshe, na iya. Ɗinki kam ya iya shi tsakani da Allah, kuma shi kaɗai ne abin da ba a taɓa jin ya yi cika baki a kansa ba.

Wata rana ƙyauren shagonsa ya ɓalle, aka kira mai walda. Na-Iya ya tsaya a kansa ya riƙe ƙugu yana kallo. Mai walda ya haɗa ƙarfe biyu, ya bi da wuta, ya ƙwanƙwasa da guduma, ya tattara kayansa ya yi gaba. Na-Iya ya daɗe a tsaye baki buɗe, sannan ya leƙa shagon maƙwabcinsa mai aski.

"Ka ga abin da mutumin nan ya yi? Ɗinki ne fa! Ya haɗa baki biyu ya bi da zare. Bambancin kawai nasa zaren na wuta ne. Ni kuwa tun ina yaro nake haɗa baki biyu."

Mai aski bai ɗago daga kan da yake aske wa ba. Ya ce, "Yadi dai ba ya ƙona mutum."

"Ka taɓa dafa dutsen guga da zafinsa? To ni kullum da wuta nake aiki. Ka zuba ido, kafin wata ya ƙare duk ƙofofin layin nan hannuna ne."

"Tawa dai lafiyarta lau, ka bar ta."

Kekunan ɗinki biyu gare shi. Ya sayar da sabon, ya bar tsohon mai tari. Da matarsa ta ji, sai ta ajiye tsintsiya ta zauna a bakin gado.

"Baban yara, keken da muke ci da shi ka sayar?"

"Keke ya yi mana kaɗan. Ke dai ki shirya zama matar injiniya."

"Matar mai gyaran agogo ma na taɓa zama, har yau agogon ɗakin nan baya yake tafiya."

"Wancan matsalar batir ce."

Washegari ya nufi shagon kayan walda. Mai shagon wata dattijuwa ce mai kaurin murya, wadda ta ga masu walda iri-iri har ta daina mamaki. Ta nuna masa ɗan ƙaramin inji daidai aljihunsa, sannan ta fara jera masa sauran kaya a kan kanta. Ga hular walda mai baƙin gilashi, ga safar hannu ta fata, ga rigar fata ta rufe gaba, ga waya mai kauri, ga kuma kwalin tsinken walda, wato sandunan nan da suke narkewa su haɗa ƙarfe.

Na-Iya ya kifa hular a kansa, ya yi lalube, ya cire da sauri.

"Hajiya, wannan ai ba a ganin komai a cikinta."

"Sai wuta ta tashi ake gani."

"Wato sai na ƙone tukuna zan ga abin da nake yi? Kuma mutum ya buɗe sabuwar sana'a ya ɓoye fuskarsa kamar wanda ya zo sata? Wa zai san ni ne? Ina da baƙin tabarau a gida, irin na manyan direbobi."

"Wannan na rana ne."

"To wutar walda ta fi rana ne?"

"In ka kusance ta kamar yadda za ka kusanci wannan, e."

Ya yi dariya, ya ɗauki safar hannu ya juya cikinta waje. Nan fa fuskarsa ta canza.

"Wa ya yi wannan ɗinkin? Dubi kalmasa, dubi yadda zare ya karkace! Ni tela guda in sa wannan abin kunya a hannuna? Ajiye. Rigar ma ajiye, ba ta da aljihu ko ɗaya. Zan ɗinka nawa."

Da aka zo kan waya, ya ɗaga mai kaurin ya ce ta yi nauyi kamar igiyar ɗaure sa. Ya hango wata siririya ja a rataye, ya ce ita ta fi fasali. Da aka zo kan tsinke, ya ce a ba shi mafi kauri, shi ba ya aikin yara.

"Injin nan ba zai ja masu kauri ba," in ji mai shago.

"Zai koya."

Ta ƙare masa kallo daga hula har takalmi, ta saka masa kayan a buhu. Ta ce, "Abu ɗaya nake roƙonka. Tsinken nan ka ajiye shi inda ba danshi, kada ruwa ya taɓa shi. Injin kuma ka bar shi ya sha iska."

"Hajiya, mutumin da allura ba ta taɓa yin tsatsa a hannunsa ba kike koya wa adana kaya?"

"Akwai kemis a layinku?"

"Akwai."

"Ka ce ina gaishe shi."

Na-Iya ya dawo gida ya shiga hidimar kayansa, kuma maganar gaskiya ba a taɓa ganin kayan walda da suka sha gata irin nasa ba. Ya samo yadin leda mai sheƙi, irin wanda ake yi wa riga shafi da shi, ya ɗinka rigar aiki mai aljihu huɗu, ya rubuta INJINIYA da zaren zinare a ƙirji. Ya ɗinka safar hannu da ragowar karammiski. Injin ma ya gwada shi da tef kamar mai zuwa ɗinkin kwat, ya yi masa riga cif-cif har da zif, ya toshe duk ƙofofin iskarsa don kada ƙura ta shiga. Bakin maƙalan waya kuwa ya ɗura musu man keke har yana ɗiga.

Sai ya buɗe kwalin tsinke. Ya ga kowanne lulluɓe da wani abu toka-toka mai garin ƙasa.

"Ka ji 'yan kasuwa! Tsohon kaya ta ba ni, duk datti."

Ya ɗauko baho da sabulu da soson ƙarfe, ya zauna a tsakar gida. Matarsa ta fito ta same shi yana dirza.

"Ba ka ce matar ta ce kada ruwa ya taɓa su ba?"

"Don kada in gano dattin ne. Dubi wannan yadda ya fito fes, har fuskata nake gani."

Ya shanya su a kan igiya da maƙalan shanya, kusa da kayan yara.

Aikin farko a gida aka same shi. Akwai wata tukunyar matarsa da hannunta ɗaya ya cire. Ta ɓoye ta a bayan buhun gawayi, ya lalubo ta. Ya fito da ita bakin shago inda kowa zai gani, ya sa rigar sheƙi da tabarau, ya jona inji, ya tafa hannu.

"Jama'a, a matsa baya, a kama yara!"

Ya dangwala tsinke a jikin tukunya. Tsinke ya manne. Ya ja, tukunya ta biyo shi. Ya girgiza, tukunya ta yi ta rawa a sama. Inji ya fara gurnani a cikin rigarsa, jar waya ta yi laushi tana wari. Ya taka tukunyar da ƙafa ya fizge da ƙarfi, wani farin haske ya tashi kamar walƙiya, tartsatsi ya watsu. Daga can kan sandar lantarki aka ji fat, wutar layin gaba ɗaya ta ɗauke.

Sai ga mai aski ya fito riƙe da injin aski matacce, bayansa wani ƙaton mutum da ƙyalle a wuya, rabin kansa tal, rabin kuma gashi cunkus.

"Na-Iya! Dubi kan bawan Allah! Wurin neman aiki za shi!"

"Ni na ɗauke wutar? Wayoyin layin nan ne duk sun tsufa, ba su saba da babban inji ba."

Mai rabin kai ya ce, "Malam, rigarka na hayaƙi."

Na-Iya ya duba ƙirjinsa. Ledar ta narke huji-huji, rubutun ya cinye, saura JINI kawai. Ya shiga kakkaɓewa da safar karammiski, ita ma ta fara ƙauri. Mai aski ya ɗauko ruwan wanke reza ya watsa masa a ƙirji, kuma kowa ya ga ya ji daɗin watsawar.

Matarsa ta ɗaga tukunyar sama, ta hango shi ta cikin gindinta.

"Hannu ɗaya ne babu da. Yanzu ga taga."

"Ai dama kina cewa ba ki da matatar koko."

Da gari ya waye, Na-Iya ya nemi buɗe ido ya kasa. Ji yake kamar an kwashi yashi an zuba masa a ciki an bi da barkono. Hawaye na zuba, fuska ta yi ja ta kumbura, sai zagayen tabarau ne kawai ya rage da launinsa. Matarsa ta riƙe hannunsa har kemis, yana tafe yana gaida sandunan lantarki.

Mai kemis ya ɗaga fatar idon ya leƙa. "Walda ka kalla ba hula."

"Ciwon ido ne da ake yayi."

"Kai kaɗai yake yi wa yayin?"

"Da ni ya fara."

Mai kemis ya ɗiga masa magani, ya ce ya kwanta a ɗaki mai duhu, kuma kada ya ƙara kusantar wutar nan sai da hular kirki. Na-Iya ya ce ya ji. A hanyar dawowa ya ce wa matarsa ya gano inda kuskuren yake: tabarau ɗaya ya sa, alhali aikin na biyu ne.

Da ya kwanta yadda aka ce, da magana ta ƙare a kan tukunya. To amma a ranar surukinsa ya aiko. Surukin nan tsohon direban jirgin ƙasa ne, mutum mai ƙarancin magana, wanda tun ranar da Na-Iya ya gyara masa rediyo ya daina kama tasha yake kallonsa ta gefen ido. Saƙon na 'yarsa ne, wato matar Na-Iya. Ya ce hinjin ƙofar gidansa ya tsage, ƙofar tana jan ƙasa, ta tambayi mijinta lambar mai waldar da ya gyara masa shago.

Na-Iya ya tashi zaune da jiƙaƙƙen tsumma a fuska.

"Ina raye a kira bare ya taɓa ƙofar Baba?"

"Baban yara, don girman Allah. Gidanmu ne fa. A can ne kawai ya rage ba a yi mini dariya ba."

"A can za a fara yi miki barka."

Ta bi shi da roƙo har bakin ƙofa. Shi kuwa ya ɗora inji a baro, ya bi layi yana shela cewa duk mai son ganin aikin ƙofa na zamani ya biyo shi. Mai aski ya rufe shago ya ce wannan ko da kuɗi ake kallo ba zai bari ya wuce shi ba. Mai kemis ya sa kwalbar maganin ido a aljihu ya bi sahu. Matar Na-Iya ma ta ja mayafi ta bi bayansu. Kafin a isa, taro ya yi taro.

Tsoho na zaune a tsakar gida a kan kujerarsa ta ƙarfe, sandarsa a gefe. Ya ga baro, ya ga jama'a, ya ga surukinsa da tabarau biyu ɗaya kan ɗaya an ɗaure su da roba ta ƙeya.

Na-Iya ya durƙusa. "Baba, barka da hutawa. Na zo da kaina."

"Na gani. Lamba na ce a kawo mini."

"Ai ga mai lambar gaba ɗaya, Baba."

Tsoho ya dubi 'yarsa, ta sunkuyar da kai. Ya yi ajiyar zuciya, ya dogara sanda ya miƙe. "Bari in shiga in sha maganina. Ina ganin zan buƙace shi."

Yana shiga ɗaki Na-Iya ya fara ba da umarni. Aka ɗaga ƙofar ta daidaita, ya ce a samo abin tokare ta. Hannunsa ya faɗa kan kujerar tsoho, ya ja ta ya jingina bayanta da ƙofar daga ciki. Sannan ya hau kan hinji da wankakkun tsinkayensa. Wannan ya manne, wancan ya yi tari ya tofar da ƙarfe kamar kashin tsuntsu, wani ya yi ja ya lanƙwashe. Ya dai tara ƙuraje-ƙurajen ƙarfe a kan hinjin sama da na ƙasa, ya shafa da safa ya ce ya kama.

"Wannan ɗinki ne ko ƙyanda?" in ji mai aski.

"Ado ne. Ba ka san aiki ba."

Wankakkun suka ƙare. Ya lalubi gindin buhu ya ci karo da wani siriri guda, mai dattinsa, wanda mai shago ta jefa masa gyara bai lura ba balle ya wanke. Ya tsuke baki ya ce bari ya ƙarasa da wannan ƙazamin. Ya zagaya ta ciki don ya ƙara wa hinji ƙarfi. Da idon da ya kumbura da tabarau biyu, duniya duk inuwa ce a wurinsa. Ya laluba ya ji inda ƙarfe biyu suka haɗu, ya dangwala.

Sai tsinken ya kama lafiya lau. Wuta ta tsaya cak, tana wani sauti mai daɗi kamar ana suya. Jama'a duk suka kau da fuska saboda haske, don haka ba wanda ya ga inda yake bi. Na-Iya ya ja layi tiryan-tiryan da hannun tela, bai tsaya ba sai da tsinken ya ƙare.

"Kun ji sauti? Wannan shi ake kira aiki!"

Ya kwara wa wurin ruwa ya huce, ya fita waje ya tura ƙofar ta rufu, ya tara jama'a a gabansa, ya fara jawabi. Ya yi bayanin yadda ake zaɓen inji. Ya yi bayanin illar hula ga kwarjinin ma'aikaci. Ya ce duk wanda bai wanke tsinkensa ba bai san darajar sana'a ba.

Yana cikin wannan tsoho ya fito daga ɗaki da kofin shayi. Ya ga kujerarsa a jikin ƙofa, ya ja, ta ƙi zuwa. Ya ɗauka ƙafarta ce ta maƙale. Gwiwoyinsa ba sa son tsayuwa, don haka ya zauna a inda ya same ta, yana jiran a gama surutu.

A waje Na-Iya ya kai ƙarshen jawabi. "Yanzu ku kalli yadda ƙofa ke buɗewa in gwani ya taɓa ta. Da yatsa ɗaya!"

Yatsa ɗaya bai isa ba. Ya sa hannu biyu, ya tokare ƙafa, ya fizgo. Ƙofar gidan waje take buɗewa, kuma bakin titi ya ɗan fi tsakar gidan gangarowa. Ƙofa ta taho da gudu ta zagayo, ga tsoho zaune daram a jikinta, ƙafafunsa na lilo a iska, kofin shayi a hannu, yana fuskantar jama'a.

Tsoho ya dubi taro, taro ya dubi tsoho.

Na-Iya bai ga komai ba. Ya ce, "Kun gani? Ko ƙara babu. Ina Baba? A kira Baba ya zo ya gani."

"Ga ni," in ji ƙofar.

Kafin Na-Iya ya gane daga ina muryar ta fito, hinjin sama ya ce ƙas. Ƙurajen ƙarfen suka zubo kamar tsakuwa. Ƙofar ta fara kwantawa baya a hankali, hinjin ƙasa na lanƙwashewa yana kuka, mutane na ihu suna kama gefenta, har ta sauka a kan injin walda ta latse shi cikin rigarsa mai zif. Wani baƙin hayaƙi ya fito ta wuyan rigar. Tsoho kuwa yana nan zaune a kujerarsa, sai dai yanzu sama yake kallo, shayin ya ƙare a ƙirjinsa.

'Yarsa ta ruga da kuka. "Baba! Baba, ka ji ciwo?"

"Ban ji ba." Ya ci gaba da kallon sama. "Na tuƙa jirgin ƙasa har na tsufa. Na hau mota, na hau jirgin ruwa. Ƙofa ce ban taɓa hawa ba sai yau."

Mai aski ne ya fara fashewa da dariya, sauran suka bi. Har matar Na-Iya sai da ta toshe baki da mayafi, kafaɗunta na rawa, hawaye na zuba, ita kanta ba ta san na wanne ba ne.

Na-Iya ya cire tabarau ɗaya, ya cire na biyu, ya ƙanƙance ido ya matso. Ya shafa bayan kujerar, ya bi layin waldar da yatsa daga farko har ƙarshe. Ya girgiza kujerar da tsohon a kai.

"Amma Baba, a duba nan. Ko motsi ba ta yi ba."

"Ku ɗaga ni," in ji tsoho, "kuma a miƙo mini sandata."

Aka ɗaga shi, aka miƙa masa sanda, Na-Iya ya koma bayan mai kemis. Tsoho bai ɗaga sandar ba. Dakalin ƙofar gida kawai ya nuna da ita.

"Zauna can. Gidana ba ƙofa, kai ne ƙofar har mai walda ya zo. Akuya ɗaya ta shiga, da kai zan yi."

Aka aika, mai walda ya iso da la'asar, jama'a ba su watse ba. Ya sa hularsa da safarsa ta fata, ya kankare ƙurajen, ya sa sababbin hinji, ƙofa ta tsaya da ƙafarta. Saura raba ta da kujera. Ya sa guduma, ta ƙi. Ya sa kurfin saran ƙarfe, kurfin ya dakushe. Ya ɗauko injin yankan ƙarfe ya yi ta fama, gumi na ɗiga daga haɓarsa. Can ya ɗage hula ya share fuska ya dubi jama'a.

"Wai wane ne ya yi wannan waldar?"

Na-Iya, da ke kan dakali da jiƙaƙƙen tsumma a ido, ya yunƙura zai miƙe. Sandar tsoho ta sauka a kafaɗarsa ta mayar da shi zaune.

Ya zauna. Ya ɗan jira, sannan ya karkata wajen da yake jin numfashin mai aski, ya rage murya.

"Ka ji ko? Har an fara tambaya."